Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Labarin Masu Kula Da Kwamfuta Da Gasarsu

Yau ina so in ba ku labarin waɗansu mutane da kuke cin moriyarsu safe da yamma, alhali ba ku taɓa ganin fuskarsu ba. Duk sa'ad da falke ya aika wa abokin cinikinsa kuɗi ta waya, ko malami ya nemi wani littafi a intanet, to, saƙon nan sai ya ratsa ta cikin waɗansu manyan kwamfutoci da ke girke a bankuna da kamfanoni. Kwamfutocin nan suna da masu kula da su, kamar yadda garke ke da makiyayi. Su ke buɗe wa ma'aikata ƙofa, su rufe wa ɓarayi, su ajiye kwafin lissafi don gudun asara, su tashi tsakar dare kadan wata ta tsaya.

Babban makamin mai wannan sana'a shi ne rubutun umurni. Ga misalinsa. A ce an ɗauki sababbin ma'aikata ɗari biyar, kowanne yana bukatar suna da mabuɗin shiga. Kadan mai kula ya bi su ɗaya ɗaya da hannu, sai ya kwana uku, kuma ba ya rasa kuskure. Amma kadan ya zauna ya rubuta wa kwamfuta layi ashirin na umurni, ya ce mata ta karanta sunayen ta yi wa kowa kaza da kaza, kafin ya sha ruwa ta gama. Gobe aikin ya sake tasowa, rubutun jiya yana nan. Sai dai makamin yana da kaifi biyu, domin kwamfuta ba ta da hankalin tambaya. Wanda ya kuskure harafi ɗaya yana iya shafe lissafin shekara cikin ƙiftawar ido.

Saboda haka masu sana'ar suka ga lalle a sami hanyar horar da na baya. A shekarar 2006 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya fitar da wani harshen umurni mai suna PowerShell, wanda Jeffrey Snover ya shugabanci ƙirƙirarsa. A cikin shekarar nan kuma waɗansu ma'aikatan kamfanin suka soma wata gasa da ake kira Scripting Games. An raba ta aji biyu, na masu koyo da na gwanaye. Akan ba da mas'ala irin wadda mai kula ke gamuwa da ita a wurin aiki, kowa ya rubuta jawabinsa ya aika, sa'an nan gwanaye su bayyana tasu warwarar don kowa ya gwada da tasa. A shekarar 2013 ragamar gasar ta koma hannun jama'ar masu sana'ar da kansu, ƙarƙashin ƙungiyar PowerShell.org.

Bayan wannan, a shekarar 2015 wani Ba'amurke, Eric Wastl, ya kafa tasa gasar mai suna Advent of Code, a kwanakin da Kiristoci ke jiran bikin Kirsimeti. Daga 1 ga Disamba zuwa 25 ga wata, kullum akan fitar da mas'ala mai kashi biyu, wanda ya warware kowane kashi ya sami tauraro ɗaya, kowa kuma da harshen da ya ga dama. A shekarar 2025 ya rage kwanakin zuwa 12.

Mai karatu zai ce, mene ne amfanin tauraron da ba ya sayen ko goro? To, malamai sun san jawabi, ko da yake ba a daidaita abin duniya da Littafin Allah. Yaron da ya shiga musabaƙa, kyautar ba ita ce ribarsa ba. Ribarsa ita ce tilawar da ya yi wata da watanni, da gyaran da ya samu a gaban alarammomi, da abokan da ya sani. Haka yake a nan. Mai kula da kwamfuta yawanci shi kaɗai ne a ma'aikatarsa, ba mai duba rubutunsa. Ranar gasa ce yakan ga wani ya yi da layi uku abin da shi ya yi da layi talatin, ko a nuna masa ramin da ya bari a buɗe. Kuskuren da aka kama a filin gasa bai ci dukiyar kowa ba.

Daga cikin irin wannan jama'a ne ake samun masu ƙera kayan aiki don sha'awa, su saki ga duniya kyauta. Larry Wall ya gaji da wahalar haɗa rahotanni a wurin aikinsa, ya ƙirƙiri harshen Perl ya fitar a shekarar 1987, masu kula da kwamfuta suka daɗe suna dogara gare shi. Linus Torvalds yana ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finland ya soma Linux a shekarar 1991, shi kansa a kan abin sha'awa ya ɗauke shi, ga shi yau a kansa wayoyin Android suke tafiya. Wanda zai fi ba fatake sha'awa kuwa shi ne Daniel Stenberg, mutumin ƙasar Suwidin. A shekarar 1996 ya so ya riƙa ɗauko farashin canjin kuɗi daga intanet don amfanin abokansa. Ɗan makamin da ya yi ta gyarawa domin haka ya sa masa suna curl a shekarar 1998. Yau yana cikin wayoyi da motoci da akwatunan talabijin, dubban miliyoyi. A shekarar 2017 Sarkin Suwidin ya miƙa masa lambar zinariya ta Polhem.

Amma fa akwai abin tsoro, kuma dominsa na ɗauki alƙalami. Rijiyar da kowa ke sha ba wanda ke yasarta, wata rana sai ta rufta. Akwai wani makami mai suna xz wanda ke matse ajiya don ta rage cin wuri, kusan kowace kwamfutar Linux tana ɗauke da shi. Mutum ɗaya, Lasse Collin na Finland, ya yi shekaru yana riƙe da shi ba albashi, har ya bayyana cewa ƙarfinsa ya ragu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun daga shekarar 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya yi ta kawo taimako da ladabi, waɗansu baƙin sunaye kuma suna matsa wa mai riƙon lamba ya nemi mataimaki, har aka ba baƙon amana. A farkon shekarar 2024 ya dasa ɓoyayyar ƙofa a ciki, wadda da ta yaɗu da ya iya shiga kwamfutoci masu ɗimbin yawa ba izini. Allah ya sa wani injiniya, Andres Freund, ya lura kwamfutarsa tana jinkiri na kamar rabin daƙiƙa. Bai raina abin ba, ya bi diddigi, ya tona asirin ran 29 ga Maris, 2024, tun ƙofar ba ta kai ga yawancin jama'a ba.

Malaman Hadisi tun dā ba su karɓar ruwayar wanda ba a san halinsa ba, kome daɗin bakinsa. Fatake kuma ba su ba baƙo mabuɗin sito don ya yi sammako sau biyu. Abin da ya kai Lasse Collin ga ba baƙo amana shi ne kaɗaici, abin da ya tsirar da jama'a kuwa shi ne idon mutum na biyu. Gasa da taron masu sana'a su ke yawaita idanun nan, su sa a san wane da wane tun suna masu koyo.

To, jama'a, kadan kun ga ɗanku ya duƙufa kan warware irin waɗannan mas'aloli, ko yana gyara wani makami da ba a biyansa, kada ku ce zaman banza yake yi. Ku tambaye shi abin da ya koya da waɗanda yake tare da su. Attajirin da Allah ya hore wa, yadda yake sa kyauta a wuraren alheri, ya tuna da makarantun da ake koyar da wannan sana'a, ya sa a yi gasa tsakanin ɗalibai. Kamfanin da ke cin riba da kayan da aka bari kyauta, haƙƙi ne a kansa ya taimaki masu riƙe da su da kuɗi ko da ma'aikata. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu da amanarmu, ya ba mu ilmi mai amfani.