Suna Ɗaya, Rubutu Biyu

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san mutanen ƙasar Gumel da na Dungas da Magarya ba baƙin juna ba ne. Harshe ɗaya, ga auratayya, shanun ma ba su san inda iyaka take ba. Amma takarda ta sani. Ran da mutum ya ce zai zauna a wannan gefe ya kama aikin albashi, ran nan zai ga bambanci.

Da kakar 1983 ta gabato, tsofaffinmu sun riga sun ga abin da rashin takarda ke jawowa, gama a watan Janairu na shekarar nan gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa izinin zama mako biyu su fita, mutane fiye da miliyan ɗaya suka kwashe kaya. Saboda haka sa'ad da wani saurayi daga wajen Dungas ya zo wurina da kakar 2022 ya ce yana so ya bi ƙa'ida, na yi murna.

Shi makanike ne, ya iya injin tankaɗe riɗi. Wani ɗan kamfani mai sayen riɗi da zoɓo, kusa da yankin ciniki maras haraji na Maigatari, ya ce zai ɗauke shi. Dokar kuwa ita ce yarjejeniyar ECOWAS ta 1979: ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar yana iya shigowa ba biza, ya yi kwana 90. Wanda zai wuce haka, ko zai kama aiki, sai ya nemi katin zama a Hukumar Shige da Fice.

To, akawun kamfanin ne ya cika masa fom, kuma da kyakkyawar niyya ya ɓata shi. Ku lura, 'yan'uwa, a Nijar da rubutun Faransanci ake rubuta suna. Wanda mu ke rubuta wa Usman, can Ousmane ne, Yusufu kuwa Issoufou. Akawu ya duba katin ɗan ƙasa na saurayin, ya ga kamar an yi kuskure, sai ya "gyara" sunan ya koma irin namu. Bai tsaya nan ba. Kamar mutanen karkara da yawa, ba a yi wa yaron rajista ran haihuwa ba, takardarsa shekara kaɗai ta nuna, ba wata, ba rana. Akawu ba ya son ganin gurbi wofi, sai ya sa rana daga kansa.

Da takardu suka isa ofis aka ce wannan mutum biyu ne, aka mayar da su. Ni dai ban ga laifin ma'aikacin ba. Aikinsa ke nan, ya gwada takarda da takarda.

Nan fa wahala ta soma. Wani ɗan kamasho ya ce a ba shi na goro ya kankare wurin da reza, a sake bugawa. Na hana, domin kuskure ana gyara shi, amma takardar da aka kankare ta zama ta jabu, mai ita kuwa ya shiga hannun hukuma. Sai muka bi doguwar hanya. Mai kamfani ya rubuta wasiƙa ya amsa cewa kuskuren daga wajensu ne. Saurayin ya je kotu ya yi takardar rantsuwa cewa sunayen nan biyu nasa ne. Aka sake hoto, aka cika sabon fom, ni da kaina na zauna ina karanta wa akawu sunan harafi-harafi. Ana cikin wannan jele kwana 90 suka kusa cika, tilas ya koma gida ya sake shigowa da sabon hatimi. Kuɗin mota ya cinye buhun geron da ya zo da shi.

In za a cika muku fom, kada ku dangwala yatsa sai an karanta muku abin da aka rubuta, katinku yana buɗe a gabanku. Yadda sunan ya ke a katin, haka za a kwafe shi, ko da ya yi muku banbaraƙwai. Ku riƙe kwafin kowace takarda, ku karɓi rasit. Yanzu ma abin ya ƙara wuya, gama Nijar ta fita daga ECOWAS ran 29 ga Janairu 2025. A lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan Nijar har sai ta sake sanarwa, don haka a tambaya a ofis da baki kafin a biya ko kwabo.

Katin saurayin ya fito bayan riɗi ya ƙare a kasuwa, an riga an ɗauki wani a madadinsa. Sai kaka ta zagayo ya kama aikin.