Yadda mota take shan mai

Duk wanda ya tsaya bakin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa zai ga motoci iri-iri. Akwai tsofaffin Peugeot 504, akwai sababbin Toyota. Dukansu mai suke sha, amma ba hanya ɗaya ba.

Injin mota ba ya ƙona mai shi kaɗai. Sai an gauraya shi da iska, kamar yadda wutar murhu ba ta ci sai an hura ta. Awon da ya dace shi ne kilo 1 na esansi da iska wajen kilo 15. In mai ya yi yawa, mota ta yi baƙin hayaƙi, kuɗi su ƙone banza. In ya yi kaɗan, inji ya yi zafi, mota ta rasa ƙarfi.

A tsofaffin motoci, kabireta ce ke wannan gaurayen. Makaniki ya kasa kunne, ya murɗa nan, ya murɗa can, har ƙarar inji ta daidaita.

A sababbin motoci kuwa, famfo ne ke turo mai daga tanki, wasu ƴan bututu da ake kira injekta su fesa shi cikin inji. Ƙaramar kwamfuta ce ke ba su umurni. Tana auna iska, da zafin inji, da hayaƙi, sannan ta ce ga man da za a fesa. Kamfanin Bosch na Jamus ya sa irin wannan dabara cikin motar Volkswagen a shekarar 1967.

Masu motocin tsere suna canza lissafin kwamfutar. Sukan mayar da awon kilo 1 na mai da iska wajen kilo 13. Mota ta ƙara gudu, amma ta ƙara shan mai.

To, mu nan Madarunfa me ya shafe mu? Ramin injekta ɗan mitsitsi ne. Man kwalba mai datti ko mai ruwa yana toshe shi, gyaransa kuma da tsada. Saboda haka, ɗan uwa, tace mai kafin ka zuba. Lokacin hunturu ka riƙa duba matatar iska, don ƙura tana cika ta. Kada ka bar tanki ya ƙafe, famfo zai lalace. In fitilar inji ta kunna, kai motar wurin mai na'urar dubawa. Kunne kaɗai bai isa ba.

Tambayoyi
1. Me ke faruwa in mai ya yi yawa?
2. Don me ake tace mai?