Ziyara Zuwa Gungun Yawuri

Yawancin 'yan makarantarmu daga Karare da sauran ƙauyukan Batsari da Safana suka fito, inda babu ruwan da ya fi na rijiya da rafin da yakan ƙafe kafin Kirsimeti. Wanda ya ga madatsar Zobe ta wajen Dutsin-Ma yakan yi tsammani ya ga teku. Shi ya sa in mun zo darasin tsibiri a labarin ƙasa, sai mu ga yara suna haddace kalmar kawai. Alhali kuwa ba sai an ƙetare teku ba, gama a ƙasar Yawuri ta Jihar Kebbi akwai mutanen da tun kaka da kakanni a tsakiyar Kogin Kwara suke zaune.

Hausawan wajen suna kiran tsibiri gungu, daga nan aka sami sunan Gungawa. Su kuwa suna kiran kansu Bareshe, suna kuma da harshensu dabam, ko da yake yanzu Hausa ta shiga bakin yawancinsu. Masunta ne, kuma manoma, an san su ƙwarai da noman albasa a bakin ruwa. Kokawa ma ba a bar su a baya ba.

Daga wajenmu hanya biyu ce. Ko dai a bi ta Funtuwa da Birnin Gwari da Kwantagora, ko kuwa a zaga ta Sakkwato da Jega da Koko. Duka biyu a Yelwa suke saukewa, daga can sai jirgin ruwa.

Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne cikar kogin da rani. Ruwan da aka yi a duwatsun ƙasar Gini yakan daɗe yana ratsa fadamun Mali, sai wajen Disamba zuwa Fabrairu yake isowa. Watau sa'ad da matanmu suke tonon yashi suna neman na sha, can kogi yana tumbatsa. Wannan lokaci ne ya fi dacewa da ziyara, ko da yake hazon hunturu yakan rufe gaɓa har mai tuƙi ya bi da sani, ba da ido ba.

Ba duk gungun da kakanni suka sani ne ya rage ba. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. An tashi mutane sama da 40,000, aka gina musu sababbin ƙauyuka a tudu. Ruwa ya ci yawancin babban tsibirin Foge, ya kuma shafe tsohon garin Busa, inda Bature Mungo Park ya mutu a 1806 bayan ya wuce Yawuri. Mu da muke kunna lantarki ba safai mukan tuna da gonakin da suke ƙarƙashin ruwan nan ba.

Tafkin ya kawo wani abu kuma, shi ne iska. A sarari irin wannan ba dutse, ba kurmi da zai tare ta. Da farkon damina hadari yakan taso daga gabas farat ɗaya, ruwan da yake kwance da safe ya koma igiyoyi masu kifar da kwalekwale. Ga kuma kututturan itatuwan da ruwa ya rufe, ba a ganinsu sai jirgi ya hau. A watan Mayu na 2021 wani jirgi da aka cika wa kaya da mutane ya nutse kusa da Wara ta ƙasar Ngaski, mutane da yawa ƙwarai suka halaka. Saboda haka duk wanda ya je ya ƙetare da sassafe, ya nemi rigar ruwa, in kuwa ya ga jirgi ya cika, ya haƙura ya jira na baya ko da za a yi masa dariya. Ɗan Karare bai iya iyo ba, kada kunya ta sa ya ɓoye.

Game da tafiyar makaranta kuwa, ba mu ba da shawara a ɗebi yara yanzu ba. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri, mu kuma da muke gefen dajin Rugu ba sai an gaya mana zafin wannan ba. Babban da ya ƙudura zuwa ya tambayi direbobin tasha labarin hanya tukuna, ya kuma daidaita tafiyarsa da bikin Rigata, ranar da jiragen ƙauyuka sukan taru a Yelwa su yi tsere.