Rusau Da Tsofaffinmu: Abin Da Masu Bincike Suka Gano Idan An Tashi Unguwa

Duk wanda ya taso a unguwar Hausawa a nan Kudu ya san irin wannan ranar: a wayi gari a ga jan fenti a jikin bango, wai an ba da kwana kaza a tashi. Nan take hira sai ta koma kan diyya, nawa za a bayar, wa zai karɓa. Ni ma da haka nake kallon abin, har sai da aka rushe wani ɓangare na karar da mahaifina yake harkar shanu, na ga yadda wani dattijo abokinsa ya koma. Bai rasa wurin kwana ba, ɗansa ya ɗauke shi zuwa wata unguwa mai nisa, ɗaki mai kyau har da fanka. Amma cikin 'yan watanni sai ka rantse ya ƙara shekara goma. Shi ya sa na shiga neman abin da masana ilimin zamantakewa suka rubuta a kan haka, ashe tun kafin a haifi iyayenmu ake wannan binciken.

Bari mu fara da Landan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hukuma ta riƙa kwashe talakawan gabashin birnin daga tsofaffin gidaje tana kai su sabbin unguwanni a bayan gari. Wasu masana biyu, Michael Young da Peter Willmott, suka bi mutanen unguwar Bethnal Green gida gida, suka fitar da littafinsu a 1957. Sun tarar a tsohuwar unguwa uwa da 'yarta mai aure kusan kullum sai sun haɗu. Uwa tana riƙe jikoki, 'ya tana duba uwa idan ba ta da lafiya. Waɗanda aka mayar sabuwar unguwa, mai nisan kamar mil 20, sun samu gida mai banɗaki da fili, amma zumunci ya yi rauni, tsofaffi kuma yawanci can aka baro su. A wannan shekarar Peter Townsend ya fitar da nasa binciken a kan tsofaffi kusan 200 na unguwar, ya nuna cewa wanda ba shi da 'ya ko 'yar'uwa a kusa, shi ya fi dogara ga asibiti da gidan tsofaffi na gwamnati.

A Amurka kuwa, a ƙarshen shekarun 1950 aka rushe unguwar West End ta birnin Boston, inda ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi suke zaune, da yawansu 'yan asalin Italiya, aka gina benaye masu tsada a wurin. Wani masani mai suna Marc Fried ya yi hira da mutanen kafin tashi da kuma bayan tashi. A rahotonsa na 1963, kashi 46 cikin ɗari na matan da kashi 38 na mazan sun nuna baƙin ciki mai tsanani, irin wanda ake yi idan an yi rashi. Wasu shekara biyu bayan tashi ba su warware ba.

Kada wani ya ce ai wannan labarin Turawa ne. A Legas ɗin nan, tun 1955 hukumar raya birnin ta wancan lokaci ta fara rushe tsakiyar tsibirin Legas tana mayar da mutane Surulere. Peter Marris ya zo ya bi sawunsu, littafinsa ya fito a 1961. Ya tarar gidajen Surulere sun fi tsabta, amma 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu sun rabu da masu saye a wurinsu, kuɗin haya da na mota sun cinye ɗan abin da ake samu, manyan gidajen dangi sun watse. Shekara 35 bayan fara wancan rusau, a watan Yulin 1990, aka share Maroko da sanarwar kwana bakwai kacal, mutum wajen 300,000 suka rasa muhalli.

To me ya sa abin ya fi taɓa tsoho? Saurayi irina idan aka tashe shi, ya hau mota ya je inda aiki yake, ya yi sabbin abokai, waya na hannunsa. Tsoho kuwa jarinsa a jikin unguwa yake. Mai shayi ya san shi, zai ba shi bashi. Idan ba a gan shi a sallar Asuba ba, za a tura yaro ya ƙwanƙwasa masa. Mai kemis ya san maganin hawan jinin da yake sha. Tsohuwa mai sayar da koko ko ƙosai a ƙofar gida, masu sayenta maƙwabta ne na shekara talatin. Duk wannan a tafiyar ƙafa yake, kuma ba a rubuta shi a takardar diyya.

Mu 'yan harkar shanu abin ya fi mana sauƙin ganewa. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Ibadan ya fitar da littafi a 1969, ya bayyana yadda kasuwar shanu ta tsaya a kan mai gida: shi ke saukar da fatake, dillalansa su sayar wa mahauta bashi, shi kuma ya tsaya a matsayin lamuni. Babu takarda, sanayya ce kawai ta shekara da shekaru, wane yana biya, wane ba ya biya. Idan aka watsa kara, dattijon da wannan ilimin yake kansa ya tashi a tutar babu, domin a sabon wuri bai san kowa ba, kuma ba a san shi ba.

Ba ina cewa kada a taɓa gyara gari ba. Akwai wuraren da ambaliya take cinyewa duk damina, akwai inda kwata ta toshe cuta take yaɗuwa, hanya kuma dole a yi ta. Masu binciken nan ma sun yarda sabbin gidajen sun fi tsofaffin kyau. Abin da suka nuna shi ne yadda ake tashin mutane yana da nasa tsadar, kuma masu rauni ke biya.

Saboda haka idan takardar tashi ta zo, ina roƙon sarakunanmu na Hausawa da shugabannin kasuwa kada zaman ya ƙare a kan kuɗi kawai. A fara ƙidaya tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda ba su da kowa a kusa, a rubuta sunayensu. A nemi a mayar da maƙwabta wuri ɗaya, kada a raba su kamar an watsa tsaba. A nemi sabon wurin ya kasance kusa da kasuwa da masallaci da asibiti, a kuma nemi isasshen lokaci, ba kwana bakwai ba. Duk alƙawarin da aka yi, a sa shi a rubuce.

Mu matasa ma da namu. Kafin ka ɗauke Baba ko Inna zuwa wurinka, ko ka mayar da su Arewa bayan shekara arba'in a nan, ka tambaye su abin da suke so. Dattijon da na ba ku labarinsa, yanzu duk Juma'a ɗaya daga cikinmu yana zuwa ya ɗauko shi ya yini a kara. Ba ya saye ba ya sayarwa, amma har yanzu idan ya kalli sa ya faɗi kuɗinsa, da wuya a yi masa musu. Allah Ya ba mu ikon kula da su.