Rickey Henderson: ɗan wasan da ya yi suna da "sata"

A wasan baseball na Amurka akwai satar da doka ta amince da ita, kuma babu wanda ya kai Rickey Henderson iya ta.

Filin wasan yana da tashoshi huɗu, tsakanin kowace da ta gaba kimanin mita 27. Ɗan wasa yakan ci maki ne idan ya zagaya su duka. A bisa al'ada, wanda ke tsaye a tasha yana jira abokinsa ya buga ƙwallo kafin ya ruga. Mai sata kuwa ba ya jira: da zarar mai jifa ya fara wurga ƙwallo, sai ya sheƙa zuwa tasha ta gaba. Idan ƙwallon ta riga shi isa aka taɓa shi da ita, an fitar da shi, ƙungiyarsa ta yi asara.

An haifi Henderson a Chicago ranar 25 ga Disamba, 1958, ya tashi a Oakland ta jihar California, inda ya fara wasa da ƙungiyar Athletics a 1979. A 1982 ya yi sata 130 a kaka ɗaya, ya zarce 118 da Lou Brock ya yi a 1974.

Ranar 1 ga Mayu, 1991, a wasa da Yankees, ya yi sata ta 939, wadda ta sa ya wuce Brock. Nan take ya tumɓuke tashar ya ɗaga ta sama.

Gudu kaɗai bai isa ba. Henderson yakan lura da motsin mai jifa don ya gane lokacin tashi, sannan ya faɗa da ciki ya zame zuwa tashar. Yakan kuma durƙusa sosai wajen bugu, abin da ke wahalar da mai jifa, har ya samu tashar farko kyauta sau 2,190.

Kasadar tana da tsada: an kama shi sau 335, fiye da kowa a tarihi.

Ya buga wasansa na ƙarshe a babbar gasar a 2003 da jimillar sata 1,406 da maki 2,295. Ya rasu ranar 20 ga Disamba, 2024, yana da shekara 65.