’Yan Burma da ba a kiran sunayensu

A Kanbera, babban birnin Ostireliya, tun 2013 kowace yamma akan zaɓi suna ɗaya daga cikin fiye da 102,000 da ke bangon gidan tunawa da yaƙi, a ba da labarin mai shi: garinsu, sana’arsa, inda ajali ya riske shi. Ba a rubuta muƙami a bangon ba. Kurtu da janar layi ɗaya suke.

Mu ma muna da irin wannan kurtu. A yaƙin Hitila, ta hannun sarakuna da hakimai Turawa suka ɗebi samarin Arewa zuwa rundunar Afirka ta Yamma, har Hausa ta zama harshen bariki. Jirgin ƙasa ya iso Nguru tun 1930 don kwasar gyaɗa da shanu, kuma a lokacin shi ne hanyar fita daga ƙasar Bade da Manga zuwa Kano da Ikko. Saurayin da ya tashi cikin rairayin Gashuwa, bai san ruwan da ya fi kogin Yobe ba, sai ga shi a kan teku, sannan cikin kurmin Burma yana fuskantar sojojin Japan, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ga zazzaɓi da atini. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944. Ita da ta 82 suka karɓe Myohaung a Janairun 1945.

Waɗanda suka dawo an san su, ’yan mazan jiya ne. Waɗanda ƙasa ta rufe a can, sunayensu na maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, inda aka sassaƙa na mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba. A Najeriya, ranar tunawa da sojoji, 15 ga Janairu, ana fareti, a ajiye furanni, a saki tattabaru, amma a jimlace ake tuna su, kuma a ganina jimla ba ta sa kowa ya ce Allah ya jiƙan wane.

Rajistar hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel tana intanet. Aikin ɗaliban tarihi na Jami’ar Tarayya ta Gashuwa ne su bi ta suna bayan suna. Sai dai za su sha wuya, don magatakardan soja sau da yawa sunan gari suke rubutawa a gurbin sunan uba, a bar ka da tambayar ko ɗan wane gida ne, sai ka koma wurin tsofaffin unguwa.