Shin kyamarorin kama masu gudun wuce sa'a na rage mace-mace a kan hanya?

A ranar 14 ga Yulin 2002, shugaban Faransa na wancan lokaci, Jacques Chirac, ya sanya yaƙi da haɗurran mota cikin manyan ayyukan mulkinsa. A shekarar kaɗai mutum sama da 7,000 ne suka rasu a titunan ƙasar. A ƙarshen Oktoban 2003 aka fara kafa kyamarorin da ke auna gudun mota su ɗauki lambarta, ba tare da ɗan sanda ya tsayar da kowa ba. Zuwa 2010 masu mutuwa a shekara sun koma ƙasa da 4,000.

Masu goyon bayan kyamarori na yawan kafa hujja da wannan labari, sai dai da sauran magana. Mace-macen sun ragu da fiye da 1,000 a 2003, alhali sai a ƙarshen shekarar kyamarorin suka fara aiki. Tsoron zuwansu da matsin 'yan sanda sun riga su yin tasiri, kuma a waɗannan shekaru motoci ma sun ƙara inganci.

A Birtaniya, inda aka kafa ta farko a yammacin Landan a 1992, gardamar ta fi zafi a kan lissafi. Bisa al'ada, wurin da aka yi munanan haɗurra a 'yan shekarun baya ake kai wa kyamara. To amma haɗari ba ya zuwa daidai wa daida kowace shekara. Kwanar da ta ci rayuka shida bana tana iya cin biyu baɗi ko ba a taɓa ta ba, don shekarar farko ta zo da tsautsayi fiye da yadda aka saba. Idan aka kafa kyamara a tsakani, ita za a yaba wa. Masu suka sun yi gaskiya a nan: wani kaso na nasarar da hukumomi ke shela ba aikin kyamara ba ne.

Duk da haka, ko an cire wannan kason akwai saura. A 2010 cibiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta duba nazari 35 daga ƙasashe daban-daban. Ta gano haɗurran da ke kisa ko mummunan rauni sun ragu da kashi 11 zuwa 44 cikin ɗari a wuraren da aka sa kyamara. Ta ce ingancin binciken bai wuce matsakaici ba, amma kusan duk hanya ɗaya suka nuna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 a matsakaicin gudun motoci na ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4, saboda haka ɗan sassauta totur ma ba ƙaramin abu ba ne.

Raunin kyamarar da ke kafe wuri guda kowane direba ya san shi: a taka birki idan an hango ta, a ci gaba da tsala gudu idan an wuce. Shi ya sa Italiya ta kawo tsarin Tutor a manyan hanyoyinta a 2005, wanda ke auna lokacin da mota ta ɗauka tsakanin wurare biyu masu nisan kilomitoci.

Abin da ya ba tsarin Faransa ƙarfi shi ne abin da ke biyo bayan hoton. Ana tura shi wata cibiya a birnin Rennes, kwamfuta ta gano mai motar, takardar tara ta iske shi a gida, a kuma zabtare masa maki daga 12 da ke kan lasisinsa. Babu jami'in da za a roƙa, babu wanda za a kira ya sa baki. Farin jini kam ba ta samu ba. Lokacin zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa, bayan rage iyakar gudu daga kilomita 90 zuwa 80 a hanyoyin karkara a 2018, ministan cikin gida ya ce an lalata kusan kashi 60 na kyamarorin, waɗanda da yawa ke kallo a matsayin hanyar tatsar kuɗi.

A Najeriya, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana sa gudun wuce sa'a a sahun gaba cikin abubuwan da ke jawo haɗari, kuma jihar Legas ta fara kafa irin waɗannan kyamarori a wasu titunanta. Tambayar da ke gaban duk jihar da za ta bi sahu ita ce ina takardar tarar za ta je, idan motar ta sauya hannu sau uku amma har yanzu sunan mai ita na farko ne a rajista, ko kuma lambar ta goge har ido ma ba ya iya karanta ta.